MABUƊIN ALJIHU DA MABUƊIN CIKIN KAI: SHIN DOLE NE MU BUƊE WAYARMU?

 

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani abu da ya faru a kan idonmu. Mun yi lodi tun da asuba, tirela cike da shanu, muka kama hanyar iyaka. A wani shinge, bayan an duba takardun mota da na likitan dabbobi, an ga komai ya cika, sai wani jami'i ya miƙo hannu ya ce wa abokin tafiyarmu, "Alhaji, kawo wayarka, buɗe mani." Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, me na yi?" Ya ce, "In ba ka yi komai ba, me kake ɓoyewa?" Ga rana ta take, ga shanu na haki a cikin mota, kuma kowa ya san saniyar da ta faɗi aka tattake ta asara ce tsagwaronta. Alhaji ya danna lambarsa ya miƙa. Mutumin ya yi ta bin saƙonni har ya kai kan shaidar kuɗin da aka aiko wa Alhaji, daga nan kuwa kuɗin shayin da ake nema ya ninka.

Tun daga ranar muke tambayar kanmu: shin doka ta ba wani ikon tilasta wa mutum ya faɗi lambar sirrin wayarsa? Da muka bi diddigi, sai muka tarar ashe manyan alƙalan duniya ma a kan wannan tambaya suke ta kai-komo.

YADDA KULLEN YAKE

A da can, kowane falke yana da littafinsa na bashi. Wasu iyayenmu da ajami suke rubuta shi, su haɗa da alamomin da su kaɗai suka san ma'anarsu, ko an tsinci littafin ba a gane komai. To, wayar zamani haka take yi, sai dai nata ya fi tsanani. Duk abin da ke cikinta, hoto ne ko saƙo ko murya, tana damalmala shi ya koma tarin lambobi marasa kai da gindi, ba ya komawa daidai sai an sa lambar sirri. Lamba mai guda 4 tana da fuska 10,000, mai guda 6 kuwa miliyan ɗaya, kuma in aka yi ta kuskure wayar takan ja lokaci kafin ta yarda a sake gwadawa. Tun 2014 kamfanin Apple ya ce shi kansa ba ya iya buɗe sababbin wayoyinsa in an kulle su, a 2016 kuma WhatsApp ya kulle saƙonni ta yadda sai mai aikawa da mai karɓa ke iya karantawa. Shi ya sa in hukuma ta kama waya, hanya mafi sauƙi gare ta ita ce ta juyo kan mai ita ta ce, faɗi lambar.

A nan ne maganar ta ci karo da wani tsohon haƙƙi, wato ba a tilasta wa mutum ya ba da shaidar da za ta kama shi. Mu da muka zauna gaban malamai ba baƙon abu ba ne gare mu, don mun karanta a fiƙihu cewa kawo hujja nauyin mai da'awa ne, kuma mafi yawan malamai ba su ɗauki iƙirarin da aka karɓa da tilas a bakin komai ba. Dokar duniya ma ta zo da shi a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, sashe na 14. Kamaru ta shiga yarjejeniyar a 1984, Nijar a 1986, Nijeriya a 1993, Cadi a 1995, Gana a 2000. Ka ga ke nan duk ƙasashen da shanunmu ke ratsawa sun sa hannu.

Akwai ma wata shari'a da ta yi kama da rayuwarmu. A 1980 ƴan duwan na Faransa suka shiga gidan wani Bajamushe mai suna Funke, suka ce ya kawo takardun ajiyarsa na bankunan waje. Ya ƙi, aka ci shi tara. A 1993 Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ce Faransa ta yi kuskure, domin ƴan duwan sun so mutum ya tono masu hujjar laifinsa da hannunsa, alhali su ba su iya samo ta ba.

AMURKA: KAN ALƘALAI YA RABU

A Amurka haƙƙin yin shiru yana cikin gyara na 5 na tsarin mulkinsu, tun 1791. A wata shari'a ta 1988, Alƙali Stevens na Kotun Ƙoli ya kawo misalin da har yau ake jan sa. Ya nuna ana iya sa mutum ya miƙa mabuɗin akwatinsa, amma ba a iya sa shi ya faɗi lambar buɗe asusun ƙarfensa. Dalili kuwa, mabuɗi abu ne da ke aljihu, ana iya ciro shi ko mai shi bai yi magana ba. Lamba kuwa a cikin kai take, ba ta fitowa sai mutum ya yi amfani da hankalinsa, kuma da zarar ya faɗe ta ya shaida cewa akwatin nasa ne, ya san abin da ke ciki.

Masu bincike kuma suna da tasu hujjar, daga wata shari'a ta 1976: in hukuma ta riga ta san abu yana nan, ta san yana hannunka, to miƙa shi bai ƙara mata wani sani ba, saboda haka ba shaida ba ne. A kan waɗannan hujjoji biyu kotunan jihohi suka rabu. A 2019 babbar kotun jihar Pensilbaniya ta ce ba a tilasta wa mutum faɗin lambar kwamfutarsa, alƙalai 4 suka rinjayi 3. A 2020 ta jihar Niyu Jazi ta ce ana tilastawa, ita ma 4 da 3. A shekarar dai ta jihar Indiyana ta goyi bayan wata mata da ta ƙi buɗe wayarta. Ƙasa ɗaya, tsarin mulki ɗaya, hukunci iri biyu.

Maganar yatsa ma haka. Waya da yawa yanzu da zanen yatsa ko da fuska ake buɗe su. A 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ɗora yatsan mutum a kan waya kamar ɗaukar zanen yatsa ne a ofishin ƴan sanda, ba magana ba ce. A 2025 wata kotun mai daraja ɗaya da ita, a birnin Washinton, ta ce umartar mutum ya buɗe da yatsansa sa shi ba da shaida ne.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne labarin wani tsohon ɗan sanda na birnin Filadalfiya. Alƙali ya umarce shi ya buɗe ma'ajiyar kwamfutarsa, ya ce ya manta lambar, alƙali bai yarda ba. Aka tsare shi daga 2015 har 2020, fiye da shekara 4, ba a yanke masa hukuncin laifin da ake zarginsa da shi ba, sai da kotun sama ta ce irin wannan tsarewa ba ta wuce wata 18. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, Allah ne masani. Amma mu tambayi kanmu, dattawa nawa ne a cikinmu ƴaƴansu suka sa masu lamba, in wayar ta mutu ta tashi sai an nemo yaro? Ta yaya mutum zai tabbatar wa alƙali cewa ya manta?

INGILA DA FARANSA: ƘIN BUƊEWA LAIFI NE

Ingila ba ta tsaya dogon muhawara ba. Ta yi doka a 2000, sashen da ya shafi wannan ya fara aiki a 2007. In aka ba mutum takardar umarni bisa izinin da doka ta tanada ya ƙi ba da lambar, ɗaurin ya kai shekara 2, in maganar tsaron ƙasa ce ko lalata da yara ya kai 5. A 2008 kotun ɗaukaka ƙararsu ta ce lambar kamar mabuɗin durowa take, tana nan ko mai ita ya so ko ya ƙi. Kada kuma mu ce dokar ba ta da rana. A 2018, da aka kashe wata yarinya ƴar shekara 13 a garin Sawsamton, wanda ake zargi ya ƙi ba da lambar shiga Facebook ɗinsa, aka ɗaure shi wata 14 a kan ƙin, kuma a 2019 kotu ta same shi da laifin kisan.

Faransa, wadda yawancin dokokin ƙasashenmu masu sefa suka samo tsari daga nata, ita ma ta mai da ƙin laifi. Hukuncinsa ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 270,000, wato sama da sefa miliyan 177. Ranar 7 ga Nuwamba 2022 babbar kotunsu, a wata shari'ar miyagun ƙwayoyi, ta tabbatar cewa lambar buɗe waya tana shiga cikin wannan doka in wayar mai kulle bayanai ce. Amma a lura da sharaɗin da kotun ta gindaya tun 2020: sai buƙatar ta zo ta hanyar shari'a, an kuma gargaɗi mutum cewa ƙin laifi ne. Tambayar baki kawai a lokacin bincike ba ta isa ba.

INA MUKA TSAYA?

Mu ba ma cikin masu cewa kada a taɓa wayar kowa. Wa ya kai mu shan wuyar ɓarayin shanu da masu satar mutane? Da waya suke shirya ta'asarsu, da waya suke cinikin fansa, kuma da yawa daga cikinmu sun sayar da garke don karɓo ɗan uwa. In alƙali ya ga hujja ya ba da izini a binciki wayar wanda aka kama da shanun sata, mu ne farkon masu murna.

Amma duk wanda ya duba ƙasashen nan da muka zana zai ga abu guda da suka haɗu a kai, duk da saɓaninsu. Masu tilastawa da masu hanawa, dukansu sun mai da maganar gaban shari'a, da takarda, da dalili. A Amurka ma tun 2014 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta ce ko an kama mutum sai da izinin alƙali ake bincika wayarsa, in ba wani halin gaggawa ba. A Nijeriya, inda yawancin shanunmu ke ƙarewa, tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi a nemi izinin alƙali kafin binciken na'ura, kuma a Oktoba 2020 Sufeto Janar na ƴan sanda ya gargaɗi jami'ansa a kan binciken wayoyin mutane barkatai. Tsarin mulkin Gana na 1992 shi ma ya hana tilasta wa wanda ake tuhuma ba da shaida a shari'arsa.

Ga mai cewa in ba ka yi laifi ba me kake ɓoyewa, amsarmu ita ce wayar falke ba sirrinsa kaɗai ke ciki ba. Akwai sunan wanda muke bi bashi, wanda ba ya so a san ya karye. Akwai Bafulatanin da ya ba mu amanar shanu goma, da adadin kuɗin da za mu kai masa ruga, da ranar da za mu kai. Akwai la'adar dillali, da hotunan iyali. In wannan labari ya faɗa kunnen da bai dace ba, rai ake magana, ba kuɗi kaɗai ba. Mai riƙe da amana kuwa ba shi da ikon yin kyauta da ita.

Saboda haka ga shawararmu ga ƴan ƙungiya. A riƙa tafiya da takardun duwan, na haraji da na likitan dabbobi a rubuce a takarda, don kada rashinsu ya zama dalilin buɗe waya. Wanda yaro ya sa masa lamba ya zauna ya haddace ta. In an nemi waya a shinge, kada a yi faɗa ko zagi, a tambaya cikin ladabi wane laifi ake tuhuma, kuma ina takardar izini. In an fi ƙarfin mutum, to ransa da dukiyarsa sun fi, ya riƙe wurin da ranar da lokacin, ya kawo wa shugabannin ƙungiya in ya dawo, domin kukan mutum ɗaya ba ya zuwa ko'ina, na mutum ɗari kuwa dole a saurara. In kuwa takardar alƙali ce ta zo, kada a goge komai a wayar, a nemi lauya kafin a buɗe baki, don dokar kowace ƙasa da irin tata.

Muna kuma kira ga shugabanninmu, in sun zauna da manyan jandarma da ƴan sanda da duwan a kan matsalolin hanya, su sa wannan magana cikin jerin koke-kokenmu, kusa da ta yawan shingaye.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya kai mu kasuwa lafiya Ya maido mu lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.