Jaki Ba Ya Kai Ƙara

Cikin dabbobin da Bahaushe ya ajiye, babu wadda ta yi masa bauta kamar jaki, babu kuma wadda ya raina kamarsa. Doki yana da kirari, yana da jalala da lifidi, ranar hawan salla har busa ake yi masa. Jaki kuwa akumari da mangala ne rabonsa, sai sanda. Yaron da ya kasa karatu a ce masa jaki, wahalar da ba godiya a ce aikin jaki. Alhali a bayansa fatake suka yi ta kai kanwa da tufafi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su juyo da goro, tafiyar watanni. Har yau shi ke kai taki gona da rani, ya kwaso yashi daga rafi, ya ɗauko dami da kaka.

Babban laifin da ake ɗora masa shi ne taurin kai. Ana cikin tafiya sai ya kafe a bakin gada ko a gaban wani kwazazzabo, a ja, a tura, ko gezau. To amma asalinsa ne ya yi masa wannan tarbiyya. Kakansa jakin daji ne na busassun duwatsun arewa maso gabashin Afirka, kuma har yanzu akwai 'yan kaɗan da suka rage a Habasha da Eritiriya. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa a wannan nahiya aka fara kiwonsa, kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Doki ɗan fili ne, in ya firgita sai ya zura da gudu tare da garke. Wanda ya tashi a tsakanin duwatsu kuwa, gudu ba dubawa karaya ce. Don haka jaki in ya ga abin da bai yarda da shi ba sai ya tsaya cak, ya miƙe kunnuwa, ya auna. Ni dai ban ga wauta a nan ba. Mu da ake aiko mana da saƙon ɓacin rai a waya mu mayar da martani kafin mu kai ƙarshen layin, ba mu da bakin yi masa dariya.

An ce jaki ba ya wuce toka, kuma gaskiya ne. Ku dube shi da yamma in an sauke masa kaya: zai nufi juji, ya sunsuna, ya tona da ƙafar gaba, ya durƙusa, ya yi birgima hagu da dama ƙafafu a sama, sa'an nan ya miƙe ya girgije, ƙura ta tashi. Ba ƙazanta ba ce, wankansa ke nan. Tokar tana busar da gumi, tana rage masa ƙwari. Ruwan sama ne ba ya so, don gashinsa ba ya tare ruwa kamar na doki.

Inda halinsa ya fi ban tausayi shi ne wajen ciwo. Doki in cikinsa ya murɗa kowa a gidan sai ya sani, yana harbin ƙasa yana gumi. Jaki sai dai ya sunkuyar da kai, kunnuwa su faɗi, ya yi tsit a bakin turke. Wani lokaci har yakan sa baki cikin harawa yana motsa leɓe kamar mai ci, alhali ba abin da ke wucewa. Likitocin dabbobi sun san wannan sarai, shi ya sa ba sa wasa da jakin da ya yi lakwas: in ya daina ci, kitse kan malala cikin jininsa, kuma cikin 'yan kwanaki yana iya mutuwa. Mai shi kuwa sai ya ce ai jiya ma lafiyarsa ƙalau. Haka in abokin zamansa ya mutu, yakan ƙi abinci, har masana suna ba da shawarar a bar shi ya ɗan jima kusa da gawar kafin a ɗauke ta.

Muna yawan cewa haƙuri maganin zaman duniya, amma galibi wanda ake ɗora wa kayan ake gaya wa haka. Kusan kowane gida akwai mutum guda da ba ya cewa a'a: yayar da ke riƙe da 'ya'yan kowa, yaron shagon da ke buɗewa da asuba ya rufe bayan isha. Saboda bai taɓa kai ƙara ba, ba wanda ya taɓa tambayarsa ya jiki. Kuma ranar da aka ɓata mana rai a wani wuri, a kansa muke hucewa, mun bar jaki muna dukan taiki; abin dariyar shi ne a karin maganar jakin ya tsira, a zahiri kuwa shi ke shan sandar. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya yi tir da wanda ya aikata, ya kuma hana dukan dabba a fuska. Shi da kansa ya hau jaki, har ya goya sahabi a baya.

Yanzu kuma sabuwar masifa ta same shi. A ƙasar Sin ana dafa fatarsa a fitar da wani danƙo na magani, sai dillalai suka bazama kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari suna lodin jakuna a manyan motoci. Jaka kuwa takan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, don haka haihuwa ba ta iya cike gurbin yanka. Nijar ta hana fitar da su tun 2016, kuma a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da haramta yanka jakuna don fatarsu. Kafin nan farashi ya riga ya yi sama, manomin da aka sace wa nasa cikin dare ya koma ɗaukar taki a ka.