Ko Kun Sani?

Cikin ƙarfe cike yake da ƙananan ƙwayoyi manne da juna, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A 1951 da 1953, masana biyu a Ingila, E. O. Hall da N. J. Petch, sun nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyin, gwargwadon ƙwarin ƙarfen, domin iyakokinsu ne ke hana shi saurin lanƙwashewa.

Maƙeran Rano da Kibiya da wannan suke aiki kullum. Dukan ƙarfe da masaɓa yana jajur a kan uwar maƙera yana ƙanƙanta ƙwayoyin, barinsa ya daɗe cikin wuta kuwa yana kumbura su, fartanya ta yi rauni. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyar da wannan ilimi.