Ko Kun Sani? Labulen Kumfa a Tekun Arewa

Injinan samar da lantarki daga iska da ake kafawa a teku sun fi takura wa halittun ruwa lokacin gini, sa'ad da ake buga manyan turakun ƙarfe cikin ƙasan teku. A Tekun Arewa, ƙarar bugun kan kori wata 'yar dabba dangin dolfin, wadda da sauti take farauta, har takan iya lalata mata ji. Shi ya sa Jamus ta ƙayyade ƙarar a desibel 160 daga nisan mita 750. Dabarar maginan ba ta da wuya: sukan kewaye turken da tiyo mai hujoji, su hura masa iska, kumfa ta taso ta zama labule mai rage ƙarar.