Ragar Zuciya da Mai Ciwon Suga

Idan kitse ya toshe jijiyar da ke kai wa zuciya jini, likita kan zura siririn bututu ta wuyan hannu ko ta matsematsi, ya hura ɗan balan-balan a wurin toshewar, sannan ya bar wata ƴar raga ta ƙarfe ta tokare jijiyar. Ita ake kira sitent. A Tulus ta ƙasar Faransa aka fara sa wa mutum ita, a 1986.

Ragar farko tsurar ƙarfe ce, kuma jiki kan ɗauke ta tamkar rauni: sai tsoka ta tsiro ta lulluɓe ta, hanya ta sake ƙuntata cikin watanni. Mai ciwon suga ya fi kowa shan wannan wahala, domin jijiyoyinsa sirara ne, toshewar kuma ba a wuri ɗaya take tsayawa ba, takan yi tsawo.

Shi ya sa aka ƙirƙiro raga mai tsatso magani a hankali don hana tsirowar tsokar. Cypher ce ta fara fitowa, Amurka ta amince da ita a 2003. Maganinta, sirolimus, daga ƙwayar halittar da aka samu a turɓayar tsibirin Ista ya fito, can tsakiyar tekun Fasifik. Taxus mai maganin paclitaxel ta biyo baya, sai sababbi masu siraran waya irin su Xience mai everolimus. A binciken TUXEDO da aka yi a Indiya kan masu ciwon suga 1,830, wanda ya fito a 2015, mai everolimus ta fi mai paclitaxel rage bugun zuciya da sake toshewa. Raga mai narkewa a jiki kuwa, Absorb, ta zo da zuzutawa, amma aka daina sayar da ita a 2017 bayan an ga jini ya fi daskarewa a cikinta.

Don haka zaɓin raga ya kusa zama zancen da aka gama: sabuwa mai magani. Tambayar da ta fi wuya ita ce ko ragar ce ma ta dace. Binciken FREEDOM na 2012 ya bi masu ciwon suga 1,900 da jijiyoyinsu fiye da ɗaya suka toshe. Cikin shekara 5, mutuwa ko bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki sun sami kashi 26.6 cikin 100 na waɗanda aka sa wa raga, da kashi 18.7 na waɗanda aka yi wa tiyatar kewaye toshewar da wata jijiya. Buɗe ƙirji abin tsoro ne, babu musu, kuma shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a ɓangaren tiyatar. Duk da haka tiyatar ce ta yi rinjaye.

Wanda aka sa wa raga kan sha asfirin tare da wani maganin hana daskarewar jini, kamar clopidogrel, galibi wata 6 zuwa 12. Ko haƙori za a cire maka, kada ka ajiye su sai likitan zuciyarka ya ce.