Shin Ko Kun San? Kuɗin Da Yaƙi Ya Ƙera

Shin ko kun san cewa idan yaƙi ya datse hanya, kuɗi suka daina zuwa daga gida, kwamandoji kan kama duk ƙarfen da ke kusa su buga masa hatimi su biya albashi? Soja dai ba ya cin alkawari. Irin waɗannan kuɗaɗe na ujila su ne masu tara tsofaffin sulalla ke rububi a yau, kuma labarin wasunsu ya ratso ta kan sojojin Arewa.

Mu fara da Tabora, a Tanzaniya ta yau. A 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jiragen ruwan Ingila sun toshe gaɓar teku, Jamusawan da ke mulkin ƙasar suka rasa tsabar da za su biya askarawansu da 'yan dako. Gwamna Heinrich Schnee ya sa aka mayar da ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa ta Tabora gidan buga kuɗi. Aka narkar da kwanson harsashi da tarkacen tagulla aka yi ƙananan kuɗi masu suna hela 5 da hela 20. Aka kuma ɗauko zinariya daga mahaƙar Sekenke aka buga rufi 15, mai hoton giwa ta ɗaga hanci, kimanin guda 16,000 kacal. Da injinsu ya gaza, da na matse mai suka ƙarasa aikin, shi ya sa bugun bai fita sumul ba. Wannan rashin kyan ne ma yake burge masu saye. A watan Satumba na shekarar sojojin Beljiyam suka ƙwace garin, aikin ya tsaya. Zuwa 1917 Jamusawan sun koma buga takardun kuɗi a daji da hatimin roba na wasan yara!

Ina ruwanmu? Rundunar Najeriya, wadda Hausawa suka yi yawa a cikinta, ta sauka a ƙasar a ƙarshen 1916, ta kuma sha wuta a gumurzun Mahiwa a Oktoban 1917. Mutanen da aka biya da waɗancan kuɗi su ne suka yi ta musayar wuta da namu.

A nan gida ma yaƙin ya taɓa aljihu. Azurfa ta yi tsada, sulalla suka ɓace daga kasuwa, har a 1918 aka fitar da takardar sule ɗaya. Manoma suka ce ba su san zancen ba, gyaɗarsu ba ta takarda ba ce, 'yan kasuwa kuma sai sun rage wa takardar daraja kafin su karɓa. A 1920 aka kawo sulalla na gaurayen tagulla a madadin na azurfa.

Shin ko kun san liyari, babban kuɗin azurfar nan mai hoton mace da ake gani a kwalliyar matan Fulani? Matar ita ce Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Nauyinsa giram 28, kuma a 1851 matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500 a Kano. Habashawa ba sa yarda da wani kuɗi kamar yadda suka yarda da shi. Saboda haka da Ingila ta tashi korar Italiya daga Habasha a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta buga sama da miliyan 18 a Bombay ta Indiya domin biyan mayaƙan sa-kai da sayen abinci da alfadarai. A wannan yaƙin ne birged ta 23 ta Najeriya ta taso daga Mogadishu ta isa Harar a Maris ɗin 1941.

Ga inda ake cutar mutane: duk liyarin da aka buga bayan rasuwarta, har na Bombay, 1780 aka rubuta masa. Wanda ya ce muku nasa ya shekara ɗari biyu da arba'in don ya ga wannan lamba, ku yi masa murmushi kawai.

Wani kuɗin ujilar kuma a Khartum ta Sudan aka yi shi: da mayaƙan Mahadi suka yi wa birnin ƙawanya, Janar Gordon, Baturen Ingila da ke tsare birnin, ya fitar da takardun kuɗi masu kwanan wata 25 ga Afrilu, 1884, ya sa wa dubbai hannu da kansa. Birnin ya faɗi ranar 26 ga Janairu, 1885, aka kashe shi, babu wanda ya fanshi takardun a hannun sojojinsa a lokacin.

Na kusa-kusa shi ne na yaƙin basasar Najeriya. A Janairun 1968 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta canja takardun kuɗi domin ta kashe waɗanda ke hannun 'yan tawaye. Kafin watan ya ƙare Biyafara ta fito da nata, fam ɗaya da sule biyar, a 1969 kuma ta ƙara da tsabar alminiyam. Sojojin tarayya da dama sun dawo Arewa da su a matsayin tsaraba.

To, jama'a, kafin a zubar da tsohuwar adakar kaka ko akwatin ƙarfen wani tsohon soja, a zazzage a duba. Anini da kwabo mai huji suna da yawa, ba za su sayi ko ɗaurin rake ba, amma abin nuna wa yara ne. Idan aka ci karo da baƙon kuɗi, kada a goge shi da toka ko lemun tsami, domin gogewa na karya farashinsa, kada kuma a kai wa maƙeri ya mayar da shi zobe. A naɗe a tsumma mai tsabta, a tambayi dattawan gida wanda ya kawo shi da inda ya yi yaƙi, a rubuta, sannan a nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Kaduna ko Gidan Makama a Kano.