Ko Kun Sani? Wadda Aka Yi wa Tiyata Tana Iya Haihuwa da Kanta

Cikin mata 10 da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa sau ɗaya, 6 zuwa 8 kan haihu da kansu idan aka bar su suka yi naƙuda. Dalili kuwa, yawanci ƙasan mahaifa ake yankawa a kwance, inda ɗinki ke kamawa da ƙarfi. Masu fargabar tsagewar mahaifa suna da hujja, sai dai kusan mace 1 cikin 200 take samu, kuma tazarar wata 18 tsakanin haihuwa tana rage hatsarin. Amma idan tsagewar ta auku, ba ta jiran a nemo mota. Don haka 'yar'uwa, ki je awo, ki haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini.