Gubar da Muke Zubawa a Rafi Ba Kifi Kaɗai Take Kashewa Ba

Jama'ar Kudancin Kaduna, a farka! Muna kashe baƙinmu da hannunmu.

Kowace kaka, ƙananan tsuntsayen bakin ruwa na tasowa daga Turai, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a fadamunmu. Watan Maris zuwa Afrilu suke haramar komawa. A lokacin ne suke cika ciki don doguwar tafiya. A lokacin ne kuma ruwa ke janyewa, masu son kifin banza su tuttula gamalin a kududdufi.

Na gani da idona a wani rafi bayan Kafanchan. Kifi ya taso fari fat, ciki sama. Yara na kwasa da kwando. A gefe ga zalɓe kwance a taɓo, wuya a lanƙwashe, ƙafa na karkarwa. Da yamma aka soya kifin nan, aka kai tasha.

Wa ya ci? Mu.

Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya kowane Janairu. Masu ƙidaya na zuwa Dagona da fadamar Haɗejiya da Nguru da madubin hangen nesa. A Laminga kusa da Jos, ga cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI. Mu kuwa muna da dajin Kagoro da Nindam, wanda masana suka sa cikin muhimman matattarar tsuntsaye a Najeriya, amma buhun gawayi muke ƙirgawa.

Ina gauraka? Tambayi yaron yau ko ya taɓa ganinta. Shamuwa ma, da iyayenmu suka hana a jefa don ita ke albishir da damina, tana cin fara da tsutsar gona. Idan ta ci wadda aka yi wa feshi fa?

Ya zama wajibi masarautun Jama'a da Kagoro su sa doka mai haƙori kan zuba guba a ruwa.

Ya zama wajibi limamai da fastoci su faɗe ta a kan mumbari.

Ya zama wajibi uba ya karɓe danƙon da ke aljihun ɗansa.

Wanda ya ga ana zuba guba ya kau da kai, da shi aka zuba. Rafin nan shi matanmu ke ɗiba, shi shanu ke sha. Gobe in ka ga mai galan ya nufi bakin ruwa, kada ka jira kowa. Ka je wurin mai unguwa.